Mana Sidang da Guguwar da Ta Jira

A duk ƙauyen Hinulga, can gabashin tsibirin Samar, mace ɗaya ce tak ke gyara zama idan rediyo ya ce guguwa na tafe, ita ce Mana Sidang mai busar da kifi. A wurinmu Mana ake ce wa babbar mace don girmamawa, namiji kuma Mano. Sauran mata su hau jan carbi suna kiran sunan Allah, ita kuwa sai ta ƙara wa rediyon murya, ta kanga kunne ta ji lamba nawa aka ba wa gargaɗin. In aka ce lamba ɗaya ko biyu, sai ta ja tsaki ta koma kan kifinta kamar wadda aka yi wa rowa. Baƙo zai ce taɓin hankali gare ta. Ko kaɗan. Jira take yi ranar da teku za ta taya ta karɓar fansa a kan Mano Puroy, mutumin da ya sa ta zama bazawara.

A wurinmu, in aka yi shelar babbar guguwa, ba a barin kwale-kwale a bakin ruwa. Maza su taru su cire inji, su kwance gorar da ke tallafe da jirgin gefe biyu, su sa kafaɗa su haura da jirgin cikin gonar kwakwa da ke kan tudu, su ɗaure shi a jikin itace, su sauko su ɗauki na gaba. Mutum ɗaya ke ba da murya, shi ake kira mai kira, shi ke cewa a ɗaga, a sauke, da kuma jirgin wa za a ɗauka yanzu. Ƙa'idar guda ɗaya ce, ko yaron goye ya san ta: wanda aka haurar da nasa ba ya tafiya gida sai jirgi na ƙarshe ya hau.

Shekarar da abin ya faru, Puroy ne mai kira, ga shi da jirgin da ya fi na kowa girma, ga baki kamar rediyon kansa. Da aka yi shela sai ya sa aka fara da nasa. Jirgin ya cinye wa mutane rabin yini da duk ƙarfinsu. Benyo, mijin Sidang, ɗan siririn mutum marar hayaniya, yana ƙarƙashin jirgin nan har kafaɗarsa ta saɓule. Aka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, iska na ƙaruwa, har ya rage saura na Benyo kaɗai a kan yashi. Sai Puroy ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce iska ta yi yawa, kowa ya je ya ɗaure rufin ɗakinsa. Mutane kuwa dama a gajiye suke, suka watse.

Benyo bai yi faɗa ba, bai iya ba. Ya ɗauki igiya ya gangara shi kaɗai. Sidang na tsaye a ƙofar makarantar da ake fakewa, da goyo a baya da yara biyu riƙe da zanenta, tana ƙwala masa kira iska na mayar mata da muryarta. Bayan ruwa ya janye aka tsinci gawarsa maƙale cikin itatuwan fadama, igiyar na naɗe a hannunsa. Jirgin kuwa ko allo ɗaya ba a gani ba.

A zaman makoki Puroy ya zo da jarkar giyar kwakwa, ya zauna ya miƙe ƙafa, ya ce ai shi ya gargaɗi marigayin, taurin kai ne ya kashe shi. A gaban matar ya faɗa, yana ɓare gyaɗa. Sidang ta miƙa masa kofin kofi da hannu biyu, a ranta kuwa ta rantse sai ya ɗanɗana abin da ya shayar da ita, ko da za ta jira har furfura.

Ta jira ɗin kuwa. Ta shiga sayen ƙananan kifin da masunta ke rainawa, ta fede, ta barbaɗa gishiri, ta shanya a kan gora, ta ɗora a ka zuwa kasuwar gari. Hannunta ya tsattsage, warin kifi ya zama turarenta. Amma 'ya'yanta maza uku, Allah shaida, ciyar da su ta yi kamar mai kiwon bijimai. Ita ta ci rogo da gishiri, su su ci shinkafa da kifi har su ture. Suka taso ƙarti, wuya kamar kututture. Da matasan ƙauyen suka fara zarcewa birnin Manila da manyan jiragen ruwan ƙasashen waje, nata suka ce su ma za su, ta ce wanda ya taka ƙafa ya bar Hinulga kada ya dawo ko jana'izarta. Suka zauna. Sannu a hankali ƙauyen ya koma na tsofaffi da mata da 'yan tsirarun matasa, har ya zama babu jirgin kirki da ke motsawa daga yashi in babu kafaɗun 'ya'yan Sidang. Babbansu, Nilo, shi ya zama mai kira.

Duk shekarun nan ba ta taɓa fasa gaida Puroy ba. In sun haɗu a hanyar coci har rusunawa take ta tambayi gwiwarsa da ke ciwo. Shi kuwa sakaran ya ɗauka an manta. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu suka bi jiragen waje, aike sai an ga dama, ya rage daga shi sai jirginsa da yake ba matasa haya. Wannan jirgin shi ne cinsa, shi ne shansa, shi ne abin da ke sa a matsa masa a benci. Kowace shekara sai ya sake masa fenti shuɗi da ja.

Ranar da take jira ta zo a ƙarshen shekara. Tun safe shugaban ƙauye ke zagayawa da lasifika yana cewa lamba huɗu ce, teku za ta hau ƙasa ta wuce tsayin gida, kowa ya bar gaɓa kafin yamma. Ƙauye ya hargitse. Ana jefa koma a kan rufi ana ɗaure ta da duwatsu, ana ɗora tsofaffin tayoyi a kan kwano, ana sare rassan kwakwa masu nauyi, mata na tura shinkafa da ashana cikin leda, aladu na ihu ana jan su zuwa tudu. Tekun kanta ta yi luf, sama ta yi ja-ja kamar tsatsa. Sidang ta kira 'ya'yanta bayan rumfar kifi ta gaya musu abin da take so: jirgin Puroy ya zama na ƙarshe, kuma a bar shi a nan.

Nilo, wanda yanzu magidanci ne da nasa 'ya'yan, ya sunkuyar da kai ya ce ƙa'ida fa, mutane za su ce me.

"Ƙa'ida?" in ji ta. "To ku bi ta daidai yadda ya bi ta ranar ubanku. Kafaɗun nan da kake taƙama da su, Nilo, da yunwata na gina su. Yau nake son kayana."

"Nanay, tsoho ne fa," in ji Nilo, don haka muke kiran uwa a nan.

"Ubanka bai samu ya tsufa ba."

Aka fara ɗauka. Puroy, da gwiwarsa da furfurarsa, ya sa kafaɗa a ƙarƙashin kowane jirgi, har da na 'ya'yan Sidang, yana haki yana tsokanar samari wai a zamaninsu da hannu ɗaya suke wannan aikin. Sau biyu yana tuna wa Nilo cewa nasa ne mai nauyi, gara a ɗauka tun da sauran ƙarfi, Nilo ya ce ana zuwa. Sidang na tsaye a gindin kwakwa da tukunyar kunun shinkafa tana zuba wa masu ɗauka, har shi ta zuba wa ta cika masa kwano. Zuciyarta kuwa bugawa take kamar ta amarya.

Da ya rage saura shuɗi da jan nan shi kaɗai a kan yashi, yayyafi ya fara dukan fuska kamar tsakuwa. Nilo ya dubi uwarsa, ta kafe shi da ido. Ya share gumi ya ce iska ta yi yawa, kowa ya je ya ji da iyalinsa. Matasa suka yi turus. Tsofaffin da suka san tsohon labari kuwa suka sunkuyar da kai, su ne ma suka fara juyawa, don su ma da su aka watse wancan karon. Puroy ya bi wannan ya kama hannun wancan, yana kiran sunayensu da na iyayensu. Da ya juyo ya ga yadda Sidang ke kallonsa, a nan ya gane.

Bai roƙe ta ba. Ya ɗauki igiya ya fara gangarawa yana ɗingishi.

Abin da ta shekara ashirin da wani abu tana gani a mafarki ke nan, ga shi a gabanta. Amma tana kallon bayansa sai daɗin ya fara tsinkewa, wani sabon haushi ya taso mata. Ashe in teku ta ɗauke shi, wahalarsa ta ɗan lokaci ce. Gobe a kunna masa kyandir, Fada, limamin cocinmu, ya yabe shi, a ce jarumi ya mutu a gindin jirginsa, 'ya'yansa su aiko a yi masa kabari na siminti. Ita da ta kwashe rayuwarta tana cin rogo da gishiri, shi ya tashi da shan ruwan minti kaɗan? Ina! Wannan ai sauƙi ne.

"Ku ɗauko min shi," ta ce wa 'ya'yanta. "Kada ƙwarzane ya same shi."

Suka cim masa ruwa ya kai masa gwiwa, suka ɗaga shi cak, yana harbe-harbe yana zaginsu har kakanninsu, suka haura da shi makaranta. Ajin cike yake da mata da yara da kaji a kwando. Sidang ta ture wani tebur, ta sa aka zaunar da shi a gaban tagar da ke kallon teku, ta buɗe katako ɗaya na tagar daidai idonsa, ta ja kujera ta zauna a gefensa. Ƙannen Nilo biyu suka tsaya a bayansa.

Kafin rana ta faɗi teku ta iso. Igiyar ruwa ta farko ta ɗaga jirgin ta ajiye, ta biyu ta juya shi, ta uku ta ɗauke shi ta maka da kututturen kwakwa. Ana jin ƙarar fashewar har cikin ajin duk da kukan iska. Jama'a na kwance a ƙasa suna addu'a, kwano na tashi daga rufin gidaje kamar takarda. Sidang ba ta ga komai cikin wannan ba, don ko sau ɗaya ba ta kalli tagar ba, fuskar Puroy take kallo. Ta ga hawaye ya gangaro ya shiga gemunsa, kuma ta ji daɗi. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi ta ji har cikin ƙashinta.

Guguwar ta tafi da gidansa ma. Aka kafa masa 'yar bukka da tamfol ɗin agaji a gefen tudu. Washegari sai ga Sidang da kwanon shinkafa da busasshen kifi. Jibi ma haka, gata ma haka. Mutanen ƙauye, da son a rufe magana, suka ce nadama ce ta kama ta. Har Fada ya kawo ta misali a wa'azi, wai ga matar da ta ceci ran wanda ya ɓata mata, take kuma ciyar da shi. Tana benci na gaba, da ƙyar ta danne dariya.

Su ba su jin abin da ake yi a bukkar. Ta ajiye kwanon, ta zauna a bakin ƙofa, ta ba shi labarin teku tas: jirgin wa ya fita, wa ya cika nasa har yana neman nutsewa, yadda manyan kifi suka matso kusa bana kamar suna neman mai ɗauka. Ba ta tashi sai ya cinye. Ranar da ya ƙi ci ta ce za ta kira Nilo ya ɗura masa. Da tari ya kama shi, da kuɗin kifinta ta hau babur zuwa gari ta sayo magani, ta tsaya a kansa har ya haɗiye. Mutumin da muryarsa ke kaiwa ƙarshen gaɓa ya koma ba a jin tarinsa sai an matso.

Wata rana, bayan shekaru ana haka, ya ture kwanon ya ce da ita, "Sidang, abin ya isa. Na cuce ki, na sani. Ki yafe min, ko ki ƙyale ni in mutu."

"Ko ɗaya ba za ka samu ba, Mano," ta ce. "Ci, yana hucewa."

Da safiyar wata Lahadi ta zo da kwanonta ta tarar da shi kwance ya juya wa ƙofa baya. Ta kira shi, shiru. Ta taɓa ƙafarsa ta ji ta yi sanyi. Fuskarsa kuwa a sake, kamar wanda ya ci ya ƙoshi ya yi barci. Kwanon ya suɓuce mata. Ta cakumi rigarsa tana jijjiga shi tana cewa ya tashi, wa ya ba shi izini, kuka ya ƙwace mata irin wanda ko a makokin Benyo ba ta yi ba. Maƙwabta suka rugo suka ɓamɓare ta daga jikinsa, mata na shafa mata baya suna cewa ta yi haƙuri, ta yi masa duk abin da ɗan'adam zai yi, ko 'yar da ya haifa iyakarta ke nan.

Ta dube su da jajayen idanu ta ce, "Ku ba ku gane ba. Ban gama ba ne."

Suka gyaɗa kai cike da tausayi, wata ta durƙusa ta fara tsince shinkafar da ta zube a ƙasa.