Ranar da 'Yar Aku Ta Ce wa Darakta "Wane"

Ƙamshin ƙasa ne ya fara shigowa ta taga, irin wanda ke tashi idan yayyafi ya taɓa tsohuwar katanga, ga kuma ƙarar janaretan maƙwabta. Har yau wannan Larabar ba ta bar raina ba. Ina ba ku labarinta ne, ku sababbin malamai, don na ga kun iso darasin da ya kusa raba ni da ajina.

A lokacin ina shekarata ta farko a wata ƙaramar cibiyar koyon kwamfuta da ke bayan Ƙofar Na'isa. Mataimakiyar malama ce ni, wato matakin da ya fi kowane ƙasa. Ajina na matan aure ne, suna zuwa da hantsi bayan yara sun tafi makaranta. Daraktanmu, Malam Usman, ya riga ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: ranar Alhamis Alhajin da ke ɗaukar nauyin ajin zai zo, idan bai ga abin kirki ba za a rufe, a ba Malam Nasiru ɗakin don masu shirin jarrabawa.

Abin da za mu nuna wata 'yar manhajar hira ce da muka rubuta tare da ɗalibaina. Suka sa mata suna 'Yar Aku, don ba ta da tunanin kanta. Tana ɗaukar abin da ka rubuta, ta musanya wasu kalmomi, ta mayar maka da shi. Idan mace ta rubuta "ina kewar ƙanwata", sai ta amsa, "Me ya sa kike kewar ƙanwarki?" Farkon abin da take yi kuwa shi ne ta tambayi sunanka ta gaishe ka da shi. Ni ina son ta ƙwarai. Takan tuna mini da rijiyar gidan kakata, wadda muke leƙawa muna yara mu yi magana ta dawo mana.

Tsarinmu shi ne Darakta zai zauna ya rubuta, ɗalibai kuma su riƙa karanta amsar da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, tunda fuskar kwamfutar ƙarama ce. Wadda za ta fara ita ce Hajiya Yagana, babbar ajin, mai sayar da turaren wuta a Madabo.

Ranar Laraba bayan an tashi, Darakta ya shigo ya gwada. Ya rubuta sunansa. 'Yar Aku ta ce, "Sannu da zuwa, Wane."

Ya sake rubutawa. Wane. Ya rubuta Nasiru, ta gaishe da Nasiru. Ya rubuta sunana, ta ce sannu Hafsa. Sai ya cire tabarau ya ajiye.

"Malama Hafsa, ni ne wane?"

"Ranka ya daɗe, wallahi ban san..."

"Kwamfuta ba ta raina mutum da kanta. Mu ma mun taɓa karatun nan. Gobe idan ta faɗi haka a gaban baƙo, ki ɗauki jakarki tun kafin a ce miki."

Ya fita ya bar ni da ƙarar fanka.

Ga yadda ake neman irin wannan matsala. Ba a zato, ana bin sawu ne. Na sa manhajar ta nuna mini kalmar bayan kowane mataki. Sunan ya shiga lafiya. Ya wuce wurin musanya kalmomi lafiya. Sai dab da gaisuwa ya ɓace. Can a cikin rubutun manhajar na ga wani layi guda da ban rubuta ba, a zaune tsaf, ba kuskure ko ɗaya: idan sunan Usman ne, a mayar da shi Wane. Wannan ba tuntuɓen yatsa ba ne. Hannu ne ya sa shi.

Kwamfutar ajinmu guda ce, malamai da ɗalibai kowa ya san faswod ɗinta, wato kalmar sirrin buɗe ta. Nan take zuciyata ta tafi kan Malam Nasiru. Shi ne zai ci ɗakin. Shi ne ke kiran ajina "majalisar ɗinkin duniya ta gulma". Ranar Talata ma ya shigo neman caja, ya daɗe yana nema. Na same shi a baranda yana cin gyaɗa.

"Malam Nasiru, ka taɓa kwamfutar ajinmu?"

"Ni? Me zan yi da akunku? Allah ya sa dai ba ta fara zagin mutane ba."

Ya yi dariya. Na tsaya ina auna dariyar: ya sani ne, ko kuwa bakinsa ne ya faɗa daidai? Ban iya rabewa ba. Na koma na goge layin, na gwada, komai ya daidaita.

Da safiyar Alhamis na tarar ɗalibaina sun riga ni, sun share ajin, turare na tashi. Na kunna, na rubuta Usman don hankalina ya kwanta.

"Sannu da zuwa, Wane."

Layin ya dawo, a wani wurin daban. Na ɗaga kai na bi fuskoki. Matan da nake jin su kamar yayyena, kowacce ta zama abin tuhuma. Wannan me ya sa take kallon ƙasa? Waccan me take raɗa wa ƙawarta? Malam Nasiru ya wuce ta bakin ƙofa yana fito.

Na ɗora yatsa zan sake gogewa, sai na tsaya na kalli layin da kyau. Wanda ke son ya kashe ni da ya goge fayil ɗin gaba ɗaya. Wannan bai taɓa komai ba. Abu ɗaya kawai ba ya so, kada sunan ya fito. To, tunda ban san da wa nake faɗa ba, sai na cire abin da ake faɗan a kansa. Na sa 'Yar Aku ta daina tambayar suna, ta riƙa tambaya: Malam, Malama, Alhaji ko Hajiya?

Da baƙo ya zauna, Darakta ya kalli tambayar ya kalle ni.

"Ina sunan?"

"Ranka ya daɗe, 'yar cikin gari ce. Ba ta kiran manya da sunansu."

Alhaji ya yi dariya har da buga gwiwa, ya ce ta fi 'ya'yansa tarbiyya. Hajiya Yagana ta miƙe ta gyara mayafi, ta karanta da murya garau: "Sannu da zuwa, Malam." Sauran suka bi. Ba a rufe ajin ba. Amma Darakta ya daɗe yana amsa gaisuwata a taƙaice, ni ma na daɗe ina amsa ta Malam Nasiru haka.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, idan kun ga layin da ba ku rubuta ba, kada ku tsaya a kan wa ya sa shi. Ku duba me yake hanawa. Mutanen da muke koyarwa ba sa ajiye al'adarsu a bakin ƙofa tare da takalma.

Sai bayan na zama cikakkiyar malama na je suna gidan Hajiya Yagana a Madabo, an yi wa ɗanta haihuwa. Ina shiga na tambayi sunan yaro. Ƙanwarta ce ta amsa, ta ce an mayar da sunan kakansa, mijin Hajiya, Usman, takwaran Daraktanmu. Hajiya ta rungume jaririn tana ce masa Maigida. Na kalle ta, ta kalle ni, sai ta ja mayafi ta rufe baki.

"Malama, tunda aka kai ni gidansa ban taɓa faɗar sunansa ba. Sai kika ce ni zan fara karantawa, a gaban maza."