Idon da Ɗan Lungu Ya Bari a Bakin Aiki

Kafin mai shara ta iso, Ɗan Lungu ya riga ya buɗe ɗakinsa na ƙarƙashin bene, ya kunna fanka, ya manna hanci a jikin kwamfuta. Ɗakin ne ya ja masa sunan. Shi ke kula da shafin intanet na ƙungiyar masu ba da jini, kuma ba a tuna shi sai abu ya lalace.

Da ƙungiyar ta sauya suna, adireshin shafin ma ya sauya, alhali tsohon na nan manne a bangon asibitoci. Shi ya haɗa su: duk wanda ya buga tsohon, sai ya tsinci kansa a sabon. Ɗan Lungu, kai ne jagoran da ba a gani, ka nuna hanya ba ka jira godiya ba.

Ciwon ido kuwa ya daɗe yana cin sa. Likita ya sa ranar yi masa aiki, ya ce kada a kuskura a ɗaga. Ranar, matarsa har ta rataya jaka za ta raka shi asibiti sai waya ta yi ƙara. Wata nas ce: mai haihuwa na zubar da jini, shafin masu bayarwa ya ƙi buɗewa.

"Malam, idonka fa!" in ji matar.

"Yanzu zan dawo."

"Ai na san yanzun naka."

Ashe an sauya na'urar da ke ɗauke da shafin, aka bar ta da tsohon suna. Tsohon adireshi ya tura ka sabo, sabo ya maido ka tsoho, kai da kawowa kamar mai neman sa hannu a ofis. Ya gyara, aka samu jini, mai jego ta rayu. Likitan ido kam ya riga ya tashi. Kafin layi ya sake zagayowa kansa, idon hagu ya tafi.

Kaico, abin da ciwo! Yanzu da ya ajiye aiki, bai zargi kowa ba. Matarsa ta ce magana ɗaya yake nanatawa: "Da na koya wa wani, da ranar waya kawai zan yi." To amma wa ya taɓa cewa a koya masa?

Mun gode, Baba Ɗan Lungu, Allah Ya saka da alheri, Ya bar maka idon daman. Ku kuma da ke aiki da irinsa, ku ɗauki riƙon amanarsa. Ku ja kujera kusa da na wurinku ku koya, don shi ma ya samu ya je ganin likita.