Shekarar da Aka Ce Na Zautu

A shekarar da aka buɗe firamare ga kowa da kowa, aka tura ni koyarwa wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar. Ban fi shekara ashirin da 'yan kai ba, horon da aka yi mana kuma gajere ne. Ajina rumfar zana ce, yaran sun fi ƙarfin tabarmin da ke ciki. Da safe in koyar, da yamma in duƙufa a kan littattafan jarrabawar ƙarin girma, don na ƙudura ba zan daɗe a ƙauye ba.

Abin ya fara da zafi a tsakar kai, kamar an ɗora mini garwashi. Daga baya sai in karanta layi har ƙarshe ban san me ya ce ba. Wata safiya na rubuta darasi a allo, na matsa baya zan karanta wa yara, sai rubutun ya ƙi karantuwa, ga shi kuwa hannuna ne. Ina nan tsaye da alli har surutun yara ya jawo hedimasta, ya kama hannuna ya fitar da ni.

Baffana, ƙanen mahaifina, shi ya kai ni asibiti a Gumel. Ma'aikacin da ya duba ni ya ce gajiyar ƙwaƙwalwa ce, tana yawan kama masu karatu, maganinta hutu. Ya faɗi sunanta da Turanci, amma Baffa bai riƙe ba. Da muka isa gida aka tambaye shi, sai ya taƙaita ya ce na ɗan zautu.

Ba da mugun nufi ya faɗa ba. A wancan lokacin manyanmu kan ce haka ga tsohon da ya fara mantuwa, da matafiyin da rana ta buga, da ɗalibin da karatu ya yi wa yawa. Sai dai da wannan kalmar ce yara ke tsokanar wani mutum mai tsumma da ke kwana a tasha. Yanzu 'yata, wadda take aikin jinya, ta ce ba a faɗa wa majinyaci haka, kuma sunan Turancin ma likitoci sun ajiye shi, don ya yi kama da zagi. A lokacin babu wanda ya ga aibunta. Ni dai na daina fita ko ƙofar gida.

Mahaifiyata ta ga zaman ɗaki zai ƙara mini, sai ta tura ni wurin yayanta, Kawu, mai kiwo a wata ruga kusa da Gagarawa. Bai taɓa tambayata abin da ya faru ba. Ya miƙa mini igiyar guga, ya nuna mini rijiya. Na yi ta jan ruwa ina shayar da shanu har tafin hannuna ya yi kanta, zafin kan kuma ya soma raguwa.

Wata Alhamis muka kora bijimai zuwa kasuwar Maigatari. Ina tsaye a kara, wurin cinikin shanu, sanda a kafaɗa, ƙafa duk kashin shanu, sai na hango uban wata ɗalibata, mutumin da a da yake cire takalmi in zai gaishe ni. Na raɓe a bayan wani sa, amma ya riga ya gan ni. Ya matso dab da ni, ya ɗaga murya yana jan kalmomi kamar mai magana da kurma.

"Malam, ka gane ni kuwa? Ni ne. Ya jikin?"

Na gane shi sarai, har sunan 'yarsa yana bakina. Amma dillalai sun juyo suna kallo, sai na sunkuyar da kai. Ya girgiza kai, ya yi mini addu'a, ya ce wa na kusa da shi a hankali, "Da can malami ne."

Kawu ya ji. Da muka kama hanya, ya ce tausayi ne ya sa mutumin, in bar shi a haka. Na ce to, amma har muka iso ruga ban ɗaga kai ba.

Bayan damina karatu ya dawo mini, kaɗan-kaɗan. Na nemi komawa aiki, na roƙi a sauya mini gari, aka tura ni wata makaranta can wajen Gumel. Jarrabawar sai bayan shekaru na zauna mata, na kuma ci. Ƙauyen farko kuwa ban sake taka shi ba, har akwatina wani abokin aiki na roƙa ya kawo mini.