Daga Thamesmead Zuwa Tsibiran Komodo, Ni Kaɗai

Mun tashi da asuba daga Thamesmead, ni da 'yata, ana ta yayyafin nan na London da ba ya jiƙa mutum sharkaf kuma ba ya barinsa ya bushe. Ita ke tuƙi. Akwati ɗaya ne a bayan mota, alhali biyu muka shirya. Ita ta yi booking ɗin tafiyar tun bara. Ta ce tun da babanta ya rasu ban san ko'ina ba sai asibitin da nake aikin jinya da kasuwar Woolwich, don haka za ta kai ni Indonesiya mu kwana a kan teku. Ana saura 'yan kwanaki wurin aikinta suka yi cancel ɗin hutunta. Na ce a fasa kawai. Ta ce ko da wasa.

A filin jirgin Heathrow ta rungume ni. Tana jin Hausa tsaf, amma da Turanci take mayarwa kamar sauran yaran da muka haifa a nan. Ran nan sai ta daure ta ce, "Umma, ki je. Ki ji daɗi." Na ce, "Allah ya yi miki albarka." Na shige ban waiwaya ba, don na san halin idona.

Tafiyar sama ta yi tsawo. Muka sauka a Doha, muka canza jirgi zuwa Bali, daga nan wani ƙarami ya kai mu tsibirin Flores, wani gari na bakin ruwa mai suna Labuan Bajo. Ina fitowa zafi ya tarye ni kamar na sauka a Kano cikin bazara. Babura ta ko'ina, sai na tuna zamanin 'yan acaɓa. Hanyar garin hawa da gangara ce, tana da kyau a tsakiya, gefe kuma sai a hankali. Ayaba da kwakwa araha kamar kyauta, amma duk shagon da ya rubuta allonsa da Turanci, farashinsa ma na Turawa ne. Ina cikin tasi na ji kiran sallar la'asar daga wani masallaci a gindin tudu, hankalina ya ɗan kwanta.

Washegari aka kai mu jirgin ruwan. Na katako ne, dogo, da sanduna biyu masu tsayi da ake ɗaura manyan ƙyallaye don iska ta tura shi. In iska ta yi gardama sai a tayar da inji, kuma gaskiya ta fi yin gardamar. Mai kula da baƙi, wani magidanci mai fara'a, ya nuna mini ɗakina: gado biyu, sama da ƙasa, tawul biyu, kofi biyu. Ya tambaye ni ina ta biyun. Na ce ba ta samu zuwa ba. Ya ɗauke tawul ɗaya ya fita da shi. Na ɗora akwatina a gadon sama.

Sauran fasinjojin duk bibbiyu suke. Akwai amarya da ango daga Sifen, wasu ƙawaye daga Ostareliya, da wani dattijo ɗan Koriya da matarsa waɗanda ba sa sakin hannun juna ko wajen cin abinci. Mutanen kirki ne, ba wanda ya yi mini wani gani-gani. Sai dai hirar teburi takan zagayo kaina sau ɗaya, a tambaye ni daga ina, in ce London, a ce asali fa, in ce Najeriya, a yi murmushi, kowa ya koma kan nasa.

Abinci dai ban sha wahala ba. Ma'aikatan jirgin Musulmi ne, ban yi ta tambayar halal ba kamar yadda muka saba a nan. Shinkafa safe, shinkafa rana, shinkafa dare. Da safe soyayya da ƙwai a kai, da rana da gasasshen kifin da aka kama a gabanmu, sai soyayyar ayaba da shayi da yamma. Suna da wani markaɗaɗɗen barkono da ke sa Turawa hawaye. Ni kuwa na fito da yajina na ƙara a kai. Mai dafa abincin ya ɗanɗana, ya ɗaga mini babban yatsa, daga ranar ya riƙa ƙara mini kifi.

Sallah ce ta ba ni aiki. A Kano gabas muke kallo, a London mu karkata kudu, a nan kuwa sai ka fuskanci inda rana ke faɗuwa. Ga jirgin ba ya tsayuwa wuri ɗaya ko an jefa anga, juyawa yake a hankali. Sai in tayar da kabbara ina kallon wani tsauni, in sallame in ga tsaunin ya koma bayana. Na ce Allah ya ga niyya.

Da muka isa wuri na farko da murjani ke tsirowa a ƙarƙashin ruwa, kowa ya sa tabarau na ruwa da bututun numfashi ya faɗa teku. Ni ban iya iyo ba. Ruwan da na sani tun ina yarinya shi ne kududdufin unguwarmu, wanda in aka ga ƙafarki kusa da shi sai bulala. Na zauna a inuwa, aka tara mini wayoyi da jakunkuna, na zama mai gadi. In sun fito kuma ni ce mai ɗaukar hoto. Na ɗauki amarya da ango a tsaye, a zaune, a gaban ƙyallen jirgi, a bayansa, har na ƙware. Tawa wayar ba sabis. Na rubuta wa 'yata saƙo bayan saƙo, duk suka tsaya a layi ba su tafi ba.

Mun je tsibirin Komodo ɗin kansa, inda ƙadangarun nan masu suna suke. Ku ɗauki damo ku hura shi har ya fi mutum tsawo. Mu dai mun san damo sarkin haƙuri, amma na can an ce barewa yake kayarwa, har ɓauna. Wanda muka tarar yana kwance ƙarƙashin bishiya, yawu na zuba, ya buɗe ido ɗaya ya dube mu ya rufe. Na tsaya bayan mai gadin dajin da sandarsa ban matsa ba.

Daga nan sai wani bakin ruwa mai yashi ruwan hoda. An ce jan murjani ne ya farfashe ya gauraya da farin yashi. Na ɗebo a tafin hannu ina dubawa. Kakata tana da tsakiyar murjani da take ɓoyewa a ƙasan adaka, ba ta fito da ita sai ranar biki, kuma na tabbata har ta koma ga Allah ba ta san daga ruwa ake samo shi ba. Ga ni ina taka shi da ƙafa. Da magariba kuma muka tsaya kusa da wani ƙaramin tsibiri, jemagu manya suka taso daga itatuwa suka rufe sama, suna wucewa ba iyaka, rana ta yi jajir a bayansu. Ban san lokacin da na juya dama na ce, "Malam, ka ga..." ba. Haka nake kiran maigidana. Ba kowa a wurin sai igiya a naɗe.

Da safe na ce yau zan shiga ruwa. Na sa dogon wando da riga da hular ruwa da 'yata ta saya mini, aka ɗaura mini rigar da ke hana nutsewa. Mai kula da baƙi ya ba ni wata zagayayyiyar roba mai igiya, ya ce in riƙe, shi zai ja ni. Na yi bismillah na tsoma fuska.

Jama'a, ban da bakin da zan ba ku wannan labari yadda yake. Gari ne guda a ƙasa. Wani murjanin kamar ƙahon barewa, wani kamar kabeji, wani faffaɗa kamar faifai, wani yana motsi kamar ciyawa a iska. Kifaye kuwa kamar an yi anko a gidan biki, rawaya da shuɗi, masu zane, masu ɗigo. Ba ka jin komai sai numfashinka da wata ƙara ƙasa-ƙasa kamar ana suyar gyaɗa. Ayar da ke ambaton lu'ulu'u da murjani ta faɗo mini, wadda na karanta ba adadi ban taɓa ganin abin da take nufi ba.

Sai ga kunkurun ruwa, babba, yana tafiya a hankali kamar tsoho zai je masallaci. A daidai lokacin mai jan igiyar ya juya wajen matar ɗan Koriya da ruwa ya shiga wa tabarau. Ni kuma na saki robar, wai in ɗan matsa in ga kunkurun da kyau. Na bi shi, na bi shi. Ban san ruwa ne ke tafiya da ni ba.

Da na ɗago kai sai na hango jirginmu can ya zama ɗan ƙarami. Ba kowa kusa da ni. Na duba ƙasa, murjanin ya ɓace, sai shuɗi mai duhu da ba a ganin ƙarshensa. Na buɗe baki zan yi ihu, ruwan gishiri ya cika shi. Na yi ta tari ina ɗaga hannu, igiyar ruwa na ɗaga ni tana sauke ni. Na sha tsayawa kan mutane a lokacinsu na ƙarshe, na riƙe hannun da yawa. Abin da ya zo mini shi ne ni ba mai riƙe nawa, kuma wa zai yi mini wanka a nan. Sai na tuna 'yata, yadda za ta rayu da sanin ita ta ce in je. Wannan ya sa na daina fafutuka, na kwanta rigingine kamar yadda aka nuna mana, na kama kalmar shahada da ƙarfi.

Ban san tsawon lokacin ba. Ƙarar inji na fara ji, sannan ƙaramin kwalekwalen jirginmu ya iso, mutum biyu suka jawo ni ciki kamar buhun masara. Mai kula da baƙi ya fi ni firgita. Ya ce, "Mama, don Allah kar ki sake saki." A jirgi aka lulluɓe ni da tawul, amarya ta rungume ni, aka kawo shayi mai zafi. Bayan ɗan lokaci kowa ya koma gefen nasa yana ba shi labarin abin da ya gani. Na sauka ɗaki na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi ba tun ranar sadakar arba'in.

Kafin mu juyo mun tsaya a wani ƙauyen masunta, gidajensu a kan turaku cikin ruwa, kifi shanye ko'ina. Sauran suka tafi sayen tsaraba, ni na nemi masallaci. Wata mata, za ta yi sa'ata, ta ga ina dube-dube, ta yi mini sallama ta ja ni gidanta ta ba ni ruwan alwala. Da na idar ta kawo shayi mai sukari da yawa. Ba ta jin Turanci, ba na jin yarensu. Ta nuna ni, ta ɗaga yatsa biyu, alamar ina abokin tafiyata. Na girgiza kai na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta dube ni. Sannan ta dafa ƙirjinta, ta nuna teku, ta maimaita abin da na faɗa. Muka zauna a bakin ƙofarta ƙafafunmu na lilo bisa ruwa, har aka busa mana ƙaho daga jirgi.

Ranar ƙarshe na sake shiga ruwan. Na riƙe robar nan da hannu biyu har yatsuna suka ƙage, amma na kalli abin da zan kalla.

Na sauka London da hantsi, gari ya yi toka-toka. Na hau jirgin ƙasa na tube, na canza wani zuwa tashar Abbey Wood, na jira bas cikin sanyi da takalmin da har yanzu akwai yashi a ciki. Ina kokawa da makullin flat ɗina sai ƙofar da ke kallon tawa ta buɗe. Wata dattijuwa ce 'yar Kumasi, mun yi shekaru a bene ɗaya, tsakaninmu sai ina kwana. Da Hausarsu ta zango, wadda ba ta raba mace da namiji, ta ce, "Hajiya, ina ka je? Kullum ina buga ƙofan ka, ba kowa. Wuta ma ba ya kama. Na ce gobe zan kira hukuma, 'yan council, su fasa."

Na tsaya riƙe da makulli. Ban taɓa zaton akwai mai lura da fitilar ɗakina ba.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. Kaɗaici ba ya tsoron jirgin sama, duk inda ka je yana gaba yana jiranka, kuma kyan wuri kan ƙara masa nauyi in ba wanda za ka ce wa duba. Amma na gano cewa tun rasuwar Malam ni ma ba na buga ƙofar kowa. In za ku je, ku je, wurin ya cancanta. Ku koyi iyo tukuna, ku tafi da yajinku, kuma ku gaya wa maƙwabta kafin ku rufe gida.

Na ce wa dattijuwar ta shigo. Ta ce bari ta kashe tukunya ta zo. Na bar ƙofar a buɗe, na ɗora ruwan shayi, na sauko da kofi biyu.