Sandar Molon Kawu Manu

Ku da kuka zauna da Kawu Manu mai molo, ƙanen mahaifiyata, kun san sandar molonsa hanya ce sukutum. Can sama wajen ɗaurin tsirkiya Bagudo ne, tsakiya Ka'oje, gaba kaɗan Tsamiya, dab da cikin molon kuwa ka ƙetare iyaka ka shiga ƙasar Benin. In yana koya maka, ba ya cewa sauke hannu. Sai dai ka ji, "Tashi Bagudo ka sauka Tsamiya, kada kowa shi ji wucewarka." Tsirkiya na yin ƙiii a hanya, sai ya dafe kai: "'Yan kwastan sun kama ka, Ƙato! Da kai da buhun shinkafar!"

Ni ne Ƙaton. Kabu-kabu nake yi da babur, na san ramukan hanyar nan fiye da fuskar matata, amma kamun da aka yi mini a sandar Kawu ya fi gashin kaina yawa.

Yana da ɗan ƙoƙon man shanu da yake shafa wa sandar don hannu ya yi sulɓi. Shi ko lasa ba ya yi. Ranar da matarsa Inna Kulu ta ɗiba ta sa a miya, sai da ya suɗe kwano sannan ya gane.

"Kulu, mi kinka yi? Abincin molo kinka ba ni?"

"To, ko kai ma ka yi laushi, Malam."

Fushin nan ya kwana, sai ƙamshin ɗumame ya sasanta su.

Abin da ke cin ransa wani taken molo ne guda ɗaya da ya gada wajen mahaifinsa, wanda hannu ke ratsa sandar tun daga sama har ƙasa ba tare da sauti ya yanke ba. Duk yankin babu mai iya shi sai shi. Na ce bari in ɗauka da waya.

"Ɗauka. In na mutu sai ita ta kaɗa muku."

"To gaya mini sirrin mana, Kawu!"

"Da baki na iya faɗinai, da tuni Kulu ta zama makaɗiya."

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ya tafi da hannun dama, ya tafi da magana. Wata safiya na je gaishe shi, ya kamo damtsena da hannun hagu yana shafawa zuwa wuyan hannu. Na zaci ruwa yake so. Inna Kulu ta ce, "Tsaya, ɗan nan. Koya ma shikai."

Na tsaya. Ashe hannuna ya mayar sandar molo, a fatata na ji abin: babban yatsa ne ke fara zamewa, sauran su saki, su bi shi a hankali, ba matsi ko kaɗan. Ni kuwa ashe shaƙe sandar nake yi kamar kan babur a cikin yashi.

Na sauko da molon daga ƙusa. Na farko ya yi ƙara, rabin fuskar da ta rage masa ta murtuke. Na sake. Na sake. Can sai taken ya sauko lafiya lau, bai tsinke ba. Kawu ya lumshe ido, hawaye ya gangara cikin kunnensa. Inna ta ja mayafi ta fita.

Bai ga Juma'ar da ta biyo ba.

Allah Ka jiƙan Kawu Manu, Ka yafe masa. Ka sa ya ƙetare siraɗi cikin sauƙi. Amin.