Waken Luba da Bai Kamata Ya Tsiro Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanwata Luba, Allah ya jiƙanta da rahama. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in fasa, don na san halina, zan fara da addu'a in ƙare da faɗa. Bana dai na gaji da fasawa. Mai karatu ya yi mini uzuri, abin da zan ba da labarinsa har yau in na tuna shi abinci ba ya yi mini daɗi.

Luba ce autarmu. A Ƙofar Marke muka tashi, mahaifinmu ɗan kasuwar hatsi ne, zaurenmu kullum cike da buhunan gero da dawa da wake. Tun tana ƙarama ba ta barin abu yadda ta gan shi. Ita ce ta kwance tocilar Inna, mahaifiyarmu, don ta ga inda hasken yake kwana, ta kuwa sha duka. Da ta gama sakandare ta shiga kwalejin horar da malamai, ta zaɓi kimiyya. A shekarar ƙarshe aka tura su koyon koyarwa. Yadda abin yake, ana ajiye ɗalibi a wata firamare na 'yan watanni yana shiga aji, sannan wata rana malami ya zo daga kwaleji ya zauna a bayan ajin ya ba shi maki. Wanda ya faɗi a wannan rana ba shi da takardar shaida sai ya maimaita baɗi. Luba kuwa tana buƙatar takardar nan ido rufe, don Baba ya kwanta ciwo, rumfarsa ta tsaya, albashina na ƙaramin ma'aikaci kuma ba ya kai mu tsakiyar wata.

Wata firamare aka ba ta can wajen Sabon Gari, aji huɗu. Ni ke kai ta a babur kowace safiya, saboda haka duk ƙorafinta a ƙeyata yake sauka. Ta ce kimiyya a makarantar waƙa ce. Malama ta faɗa da Turanci, yara su amsa suna dukan benci, kowa ya kwafa daga allo, a tashi. Ta ce akwai akwatin kayan gwaji a ofishin hedimasta, har lokacin a cikin ledarsa, an kulle shi don kada yara su lalata. Ni dariya abin ya ba ni, ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba.

Darasin da aka tsara za a zo duba ta a kansa shi ne abin da iri yake buƙata kafin ya tsiro. Ta debi wake a zaurenmu, ta bi maƙwabta tana roƙon gwangwanayen madara, na ɗaure mata su a bayan babur muna tafe suna ƙara kamar masu tallar gwangwan. Yara da kansu suka zuba ƙasa suka shuka. Aka jera gwangwanayen layi biyu a kusurwar aji, layi ɗaya ana ba shi ruwa, ɗaya an bar shi a bushe. Ranar da malamin kwaleji zai zo za a kwatanta, kowa ya gani da idonsa cewa babu tsiro sai da ruwa.

Da safiyar ranar muka iso muka tarar da waken da aka hana ruwa ya fito shar, kamar ɗan'uwansa. Yara sun riga sun kewaye shi suna nunawa. Malama Rabi, mai ajin, wadda ta kwana biyu a aikin, ta kore su waje ta jawo Luba gefe. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji tana cewa, "Ke, tsige su ki zuba yashi bisa. Wa za shi sani? Mu dut hakanga munka yi." Ta kuma ba ta shawara ta biyu, wai a kwashe 'yan layin baya marasa ƙoƙari a kai su ajin maƙwabta, a aro masu ƙoƙarin can su cike gurbin har baƙo ya tafi. Yadda ta faɗi abin ne ya fi ba ni ƙyama, ba ta ko rage murya ba, kamar mai ba da aron tabarma ranar suna.

Luba ta ce, "Malama, ɗiyan sun riga sun gani. In na tsige, mi za ni ce musu?" Ta kuma ƙi yarda a fitar mata da ko yaro ɗaya.

Ban tafi ofis ba ranar. Na jingine babur a gindin dogon yaro na tsaya jikin taga. Malamin kwaleji ya shigo da jan bironsa ya zauna a baya. Luba ta ɗora layin biyu a kan tebur, ta tambayi yara me suka zata zai faru, suka ce busasshen ba zai fito ba. Ta ce to ga shi ya fito, me ya jawo. Yaran ba su saba a tambaye su abin da ba a riga an ba su amsarsa ba. Can wani ya ce aljannu ne. Wata ta ce littafin ne ya yi ƙarya. Wani a layin baya ya ce ƙila waken gidan su Malama ne mai taurin kai. Duk ta rubuta a allo, ba ta yi wa kowa dariya ba. Sannan ta ce kowa ya zo ya cusa yatsa cikin ƙasar har ƙasan gwangwani. Sama a bushe take, ƙasa kuwa danshi. Nan take ajin ya kaure da surutu.

Sai wata yarinya mai suna Nana ta miƙe tana kuka, ta ɗauka bulala za ta sha. Ita ce mai sharar aji a makon, kuma in ta yayyafa ruwa kafin shara sai ta tsiyaye ragowar a busassun gwangwanayen. Luba ta tambaye ta dalili. Ta ce, "Malama, ke kin ce iri shina da rai. Kakata kuwa tac ce ba a hana ma abu mai rai ruwa."

Luba ta dafa kanta ta zaunar da ita, ta juya ta tambayi ajin yadda za a yi a tabbatar. Yaran da kansu suka yanke cewa a sake shuka, a ɗora busassun a saman kabad, in an gama gwaji a bar Nana ta shayar da su. Suna cikin wannan gardama aka buga ƙararrawa. Na yi firamare, na yi sakandare, na yi gaba da nan, ban taɓa zama a darasin kimiyya irin wannan ba.

Malamin ya kayar da ita. A baranda ya karanta mata laifuffukanta ina ji. Wai ta bar tsarin darasin da ta rubuta, aji ya yi hayaniya, babu kwali mai zane a bango, ba ta rubuta taƙaitawa a allo ba, hannuwan yara duk ƙasa, kuma gwajinta bai fito yadda littafi ya ce ba, alamar ba ta shirya ba. Ko gwangwani ɗaya bai taɓa ba. Na so in yi magana, Luba ta girgiza mini kai. Malama Rabi kuwa tausayinta ta ji da gaske, ta ce ai ta faɗa mata.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Yanzu a Arkilla nake zaune, ɗana Aliyu yana wata makarantar kuɗi mai fenti kala-kala, da ɗaki guda da aka rubuta wa ɗakin gwaji a ƙofa, wanda bai taɓa ganin cikinsa ba. Kwanan baya aka ba su aikin gida a kan wannan darasin dai na tsiron iri. Iyaye duk suka yi layi a shagon kwamfuta ana buga musu hoton wake mai launi. Ni na ba shi gwangwani da wake na gaske, ya raine shi har ya yi ganye, ya ɗauka yana murna. Ya dawo da shi da yamma ransa a ɓace, an ce zai ɓata aji da ƙasa, makin na masu hoto ne. Jikan mai sayar da wake, a garin da in ka fita kaɗan gonaki ne hagu da dama, sai an buga masa wake a takarda. Da dai ana zana kwalin da hannu, yanzu inji ke yi, ci gaban da muka samu ke nan.

Kafin shekara ta zagayo Baba ya rasu. Luba ta koma koyon koyarwa a wata makarantar, kuma wannan karon ta yi duk abin da aka ce. Ta sayi kwali wurin wani mai zane da kowane ɗalibin malanta ya san rumfarsa. Aka fitar da 'yan layin baya, aka aro masu ƙoƙari. Aka yi mako ana bitar tambaya da amsa, har kowane yaro ya san lokacin da zai ɗaga hannu. Wani malamin daban ya zo, ya ga aji tsaf, ya ba ta makin da ya fi na kowa, har ana ba da misali da ita a kwaleji. Na je na ɗauko ta, muka kama hanya har muka kusa gida. Ta ce, "Yaya, na ci. Ba wanda yak koyi komi, amma na ci."

Ban ga laifinta ba a lokacin, ban kuma gani ba yanzu. Albashinta ya ciyar da Inna shekara huɗu kafin zazzaɓin 'yan kwanaki ya ɗauke ta. A shekarun nan ba ta daina shuka wake da yara ba, amma duk ranar da aka ce masu duba makarantu za su zo, sai ta tura gwangwanayen ƙarƙashin tebur ta rataya kwali. Yarinyar da ta ƙi tsige tsiro don kada ta yi wa yara ƙarya, sai da aka koya mata ɓoye gaskiya kamar kayan sata. Wannan ne ban yafe ba.

Me ya rage na Luba? Ba zan ce ɗalibanta sun zama likitoci ba, ban san inda ko ɗaya yake ba, kuma ba zan ƙirƙiro ba. Malamin da ya kayar da ita ya yi ta samun ƙarin girma har ya yi ritaya, in mun haɗu a wurin ɗaurin aure muna gaisawa, bai ma tuna ta ba. Darasinta na gaskiya babu shaidarsa a ko'ina, sai ni da na gani ta taga. Na ƙaryar kuwa an buga wa takardar shaidarsa hatimi, Inna ta sa an yi mata gilashi ta rataye a bangon ɗakinta. Duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa ta ce Luba ce ta fi kowa a shekararsu, ta share hawaye. Ban taɓa gaya mata yadda aka samo takardar ba, kuma ba zan gaya mata ba. In na je gaishe ta, nakan zauna in ba bangon baya.