Jakar da Hannah Ta Ƙi Kwancewa

Duk wanda ya zauna a unguwar Fadikpe ta Minna a shekarun nan ya san Hannah Gaiya. In bai san sunanta ba, ya san doguwar matar nan da ke hawa bayan ɗan acaɓa rungume da injin shara kamar mai kai jariri rigakafi, ga mesarsa nannaɗe a wuyanta. Shekara goma sha biyar ƙofar ɗakina na kallon tata. Ni sana'ata kitso ce, kuma mai kitso kan ji labarin unguwa kafin rediyo ya ji.

Daga wajen Zonkwa suka zo, ita da mijinta direban tifa, shekarar da soja suka sauka daga mulki. Bai cika shekara uku a Minna ba ya rasu a hanyar Gwada, ya bar ta da 'ya ɗaya, Purity. Dangin mijin suka ce ta koma gida, ta ce ta ji, ba ta koma ba. Ta kama aikin shara a wani gidan saukar baƙi. Da aka rufe gidan sai ta ga an jefa wani tsohon inji ɗan Kwatano cikin tarkacen da za a zubar, ta roƙa aka ba ta.

Lokacin nan kafet ya shigo gari. Kowane ma'aikacin gwamnati a Maitumbi sai ya malale ɗakinsa da shi daga bango zuwa bango, alhali jar ƙasar Minna ba ta san girman kowa ba. Tsintsiya sama-sama take bi. Hannah ta ga haka, ta fara bin gidaje duk sa'ad da aka kawo wuta.

Injin nata mai jaka ne. Dattin da ya zuƙa jakar takarda yake shiga a cikin cikinsa, in ta cika a cire a yar. Jaka huɗu ta same shi da su. Da suka ƙare ta zagaye kasuwa kaf, masu shaguna suna kallonta kamar ta tambayi kayan jirgin sama. Ta dawo ta sayi yadin akoko, ta ninka biyu, ta ɗinka da hannu, ta yanka masa baki da kwalin taliya. Ya zauna daram.

Wata rana ta zo ta zauna kusa da ni ina tsifar kan wata, ta ce akwai abin da ke damunta. Mata suna barin ta ta share falo, amma da ta doshi uwar ɗaki sai a ce mata bari kawai, za mu share da kanmu. Tana zaton don ita Kirista ce. Na ce mata ba cocinta ake gudu ba, ta dubi hannuna. Na gama tsifa, na tattare gashin da ya maƙale a mataji, na dunƙule shi, na danƙa wa mai kan a tafin hannunta. Na ce haka uwata ta koya mini. Babu macen da za ta yarda gashinta ko farcenta ya fita daga gidanta a hannun wani. Wasu su ce tsoron asiri, wasu ba su ma san dalili ba, haka suka tashi suka gani. Ke kuma kin zo da dodon da ke haɗiye komai, kina goya shi ki tafi da shi gidanki.

Ta tashi ta tafi. Bayan mako guda na gan ta da jakunkuna goma sha biyu, kowace da zarenta a baki, ja, kore, shuɗi, na wani gida ma zare biyu a haɗe. Kowane gida da jakarsa. In ta gama aiki sai ta ƙulle bakin jakar, ta miƙa wa matar gida da hannu biyu. Mai gida ce za ta zazzage, ta ƙona ko ta binne, ta wanke jakar ta ajiye har zuwa na gaba. Hannah ba ta taɓa leƙa cikin jakar kowa ba. Daga nan ƙofofin uwar ɗaki suka buɗe mata, da wannan injin ta ciyar da kanta ta sa Purity a makaranta.

Sai ga Ernest. Shi ne mai gyaran fanka da rediyo a bakin titi, cocinsu ɗaya, shi ke canza mata waya in injin ya yi gardama. Yana gyara yana tambayar gida nawa take zuwa a mako, ita kuma tana faɗa masa, don ba ta da ƙulli a ciki. A dubu biyu da goma ya je Abuja ya dawo da nasa injin, sabo fil, mara jaka. Ƙoƙon roba gare shi garai-garai kamar kwalba, kana tsaye kana kallon datti yana juyawa a ciki.

Ba zan yi wa injin Ernest ƙarya ba don na tsani rawar kansa. Yana da ƙarfi. Ba ruwansa da neman jaka, ka zazzage ƙoƙon, ka wanke matatar, ka shanya. Ka san lokacin da ya cika don kana gani. Na Hannah in jakar ta kusa cika sai numfashinsa ya ragu, ga akoko na ɗan fitar da ƙura ta gefe in ɗinkin ya saki. Amma shi ma na Ernest, ranar da na ga yana zazzage ƙoƙon a bakin kwata, iska ta mayar masa da rabin dattin a fuska, ya yi ta atishawa har na ce masa ya ci abinci ke nan ya huta.

Ba da ƙarfin inji ya ƙwace mata gidaje ba, da ido ne. In ya shiga gida sai ya tambaya yaushe Maman Purity ta share nan. A ce jiya. Ya bi kafet ɗin sau biyu, ya ɗaga ƙoƙon sama ya ce ga abin da ta bari. Maza suna son abin da za su gani su jinjina kai. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa ko wane inji ka sa a kafet ɗin Minna sai ya fito da wani abu. Aka fara cewa injin Hannah ƙara kawai yake yi, shi ya sa take ɓoye jakar. Cikin wata shida gidaje ashirin da wani abu suka koma uku. Biyu daga ciki ma sai sun tuna da ita.

Na ce mata ta buɗe jaka ɗaya a gaban mutane magana ta ƙare. Ta ce ba tata ba ce da za ta buɗe.

Gidan da ya rage mata na sosai shi ne na Alhaji Ndayako a Maitumbi. Matarsa Hajiya Sakinatu tsohuwar malamar makaranta ce, mai gashi har gadon baya, shekara ashirin ni ke mata kitso. A shekarar nan ta daina aiko mini. Tana yawan zuwa Zariya, wai ziyara, kuma ko a ɗakinta ba ta cire ɗankwali. Ni na gane. Hannah ma ta gane, don ita ke zare abin da ya naɗe bakin mesa kowane mako. Ba mu taɓa yin maganar ba, ko tsakaninmu. Bikin 'yarta Yasmin ya matso, kuma Hajiya ba ta son dangin ango su fara raɗe-raɗin cewa akwai ciwo a jinin gidan.

Ana saura kwana biyu kamu, da hantsi, ina tsakar gidan ina yi wa ƙawayen amarya kitso. Gida cike da mata, har da gwaggwannin ango biyu da suka zo daga Bida. Hannah ta iso da injinta, ta tarar Ernest ya riga ta, Alhaji ne ya kira shi. Alhaji ya ce ya gaji da surutun mutane, ga babban kafet na falon Hajiya, kowa ya share rabi, wanda ya fi fitar da datti shi ne mai aikin gidan daga yau. Ya san matarsa ba ta da lafiya, shi ke kai ta asibiti a Zariya. Amma namiji bai san inda gashi ke zuwa ba in ya bar kai.

Hannah ta ce a yi gasar a falon Alhaji. Ya ce a'a, nan baƙi za su zauna. Hajiya Sakinatu na kan kujera a kusurwa, hannunta a kan ɗaurin ɗankwalinta.

Hannah ta karɓi jakar gidan, mai koren zare, ta ɗaura, ta share rabinta a natse har ƙarƙashin kujeru. Ta kashe inji, ta ƙulle jakar, ta kai wa Hajiya.

"To Maman Purity, a kwance mana mu gani," in ji Ernest yana murmushi. "Ko iska ce a ciki?"

Mata suka yi dariya. Alhaji ya ce ta kwance, ai gasa ce.

"Alhaji, ka yi haƙuri, ba zan kwance ba."

"In ba ki kwance ba kin faɗi ke nan. Kin san haka?"

"Na sani. Ka ba shi aikin. Abu ɗaya nake roƙo, kada ya kunna injinsa a ɗakin nan."

Ernest ya ce kun ji, tsoro take ji. Ya jona wayarsa. Ni ina bakin ƙofa da mataji a hannu, na so in yi magana, amma me zan ce wanda ba zai tona abin da ake rufewa ba? Injin ya ɗauka. Bai yi tafiya uku ba ƙoƙon ya fara baƙi. Dogon gashi ne, curi-curi, yana juyawa a ciki kowa na gani. Ya kashe, ya cire ƙoƙon ya ɗaga sama kamar yadda ya saba, ya buɗe baki zai yi kirarinsa, sai ya ga ba mai dariya. Alhaji ya dubi ƙoƙon, ya dubi matarsa, ya sunkuyar da kai.

Babbar gwaggon ango ta gyara tabarau ta ce, wannan gashi haka na wa ne?

Kafin wani ya amsa Hannah ta taka ta karɓe ƙoƙon daga hannun Ernest. Ba fizga ta yi ba, amma bai iya riƙewa ba. Ta zaro wata jakar akoko sabuwa daga cikin zaninta, ta kifa ƙoƙon a ciki, ta kakkaɓe shi tas, ta ƙulle, ta durƙusa ta ajiye wa Hajiya a cinya kusa da ta farko. Ta mayar masa da ƙoƙonsa wayam.

Ni kuwa na juya wajen gwaggon nan na ce, Hajiya, kwana huɗu ina kitso a gidan nan, kai nawa kike so in lissafa miki? In naki kike nema, cire ɗankwalin mu gwada. Ta ce ita ba da wata manufa ta tambaya ba. Na ce ni ma haka. A tsakar gida na yi kitson nan duka, ko kai ɗaya ban taɓa a falon ba, Allah Ya yafe mini.

Hannah ta naɗe wayarta za ta fita, don an riga an ce ta faɗi. Sai Hajiya Sakinatu ta yi magana, ba da ƙarfi ba.

"Alhaji, falonka naka ne, ka ba wanda ka ga dama. Nan da uwar ɗakina, Maman Purity ce."

Haka kuwa aka bar maganar. Aka yi biki lafiya, amarya ta tare.

Matan da ke ɗakin nan ba jarirai ba ne. Wasu sun gane abin da suka gani, wasu sun ɗauka na kitso ne, amma kowace ta koma gida tana tunanin abin da ƙoƙon Ernest zai nuna in an bi nata ɗakin a gaban baƙi. Ba a yi wata guda ba aka fara aiko wa Hannah, ɗaya bayan ɗaya, kowace na cewa jakarta na nan a wanke. Ba duka suka dawo ba. Ofisoshi da falukan maza da gidajen gwauraye suka zauna wa Ernest, har ya ƙara inji na biyu. Shi dai har yau cewa yake shi ya ci gasar, kuma ba wanda ya ƙaryata shi. Na dai lura ya koyi juya wa mutane baya in zai cire ƙoƙon.

Hajiya Sakinatu ta rasu bayan bikin da wata tara. Sai a wajen makoki dangin ango suka ji sunan ciwon, lokacin Yasmin na da ciki wata biyar.

Bara Purity ta fara aiki a Kaduna, ta aiko wa uwarta sabon inji mai ƙoƙo, wai ta huta da ɗinki. Hannah ta duba shi ta yaba, ta ce kyakkyawa ne, ta kai coci aka riƙa share kafet ɗin gaba da shi. Tsohon kuwa an canza masa waya sau biyar, murfinsa ɗaure yake da robar taya, in ya ɗauka har kajina watsewa suke. Yasmin tana da irin na Ernest cikin kayan aurenta, da shi take share falo. Amma duk ranar Asabar sai ta aiko a kira Maman Purity, ta buɗe mata uwar ɗaki, ta ɗauko jakar nan mai koren zare ta miƙa mata.